Mangwaro a Gonar Aro

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura ya san ba a dasa itace a gonar aro. Ka shuka tumatir, ka shuka shinkafa, ka zuba albasa, ko shekara nawa ka yi kana ci, babu mai ce maka kanzil. Amma ranar da ka haƙa rami ka sa abin da zai yi saiwa ya fi ka daɗewa a duniya, to ka gaya wa masu gona cewa aro ya ƙare, ka fara ƙirga ta cikin gadon 'ya'yanka. Ko akuyar garinmu ta san wannan. Ɗana Taufiq ma ya sani, ni na haife shi, a nan tsakar gidan ya yi rarrafe. Shi ya sa in mutum ya zo yana ce mini wai kuskure ne irin na 'yan birni, sai in ji kamar in watsa masa ruwan tukunya.

Ni ce Iyatu mai gumin shinkafa. In ka shigo unguwarmu ka ga hayaƙi da shinkafa shanshera a baje a kan tamfol, ka iso gidana. Ƙanena Sammani, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin rani ne, kuma gonar da yake nomawa a bakin kanal ta hanyar Bunkure ba tasa ba ce. Marigayi Alhaji Jaji ne ya ba shi aronta tun yana saurayi, lokacin da ƙasar bakin ruwa ba ta yi tsadar yanzu ba. Da gonar ya yi aure, da ita ya ciyar da 'ya'ya, da ita ya aurar da 'ya'yansa mata biyu. Gadonmu na tudu ne, ruwan kanal ba ya hawa can, kuma da aka raba shi bai fi shimfiɗar tabarma ba. Da Alhaji ya rasu, babban ɗansa Baballe ya ce Sammani ya ci gaba kamar yadda yake. Kowace shekara kwandon farko na tumatir gidansu yake zuwa, Sammani da kansa yake ɗaura shi a babur ya kai.

Taufiq shi ne autana. Ya yi jami'a a Kano, ya sami aiki a wani kamfani da suke kira Lalitar Manomi. Manhaja ce a waya, manomi ya kai tumatirinsa kasuwar Kwanar Gafan, dillali ya biya shi ta ciki, ba sai ya cusa kuɗi a wando yana waige-waige a hanya ba. Daga nan zai sayi taki, ya ajiye saura. Ba zan yi musu ƙarya ba, abin yana da amfani. Mutum na farko da ya yarda ya sa ta a wayarsa a duk yankinmu Sammani ne, ba don ya gane ta ba, sai don ɗan yayarsa ne ya kawo.

Wata Asabar Taufiq ya zo gida yana ta rawar jiki kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Umma, gasa za mu shiga," in ji shi. "Ta kamfanonin da suke harkar kuɗi ta waya, duk ƙasar nan. A Legas ake yi. In muka ci lambar yabon, masu zuba jari da kansu za su neme mu."

Na ce Allah ya ba da sa'a, me ya haɗa ni da Legas?

Ya ce ba ni ba ce, Kawu ne. Kowane kamfani zai aika ɗan gajeren bidiyo na mutumin da abinsu ya taimaka, su kuwa sun zaɓi Kawu Sammani. Gasar rukuni-rukuni ce, kuma ogansu ya ce su shiga rukunin kare muhalli, don can ne babu cunkoso. Ban gane abin da ya haɗa biyan kuɗin tumatir da muhalli ba, amma ai ba ni na yi jami'ar ba.

Ranar ɗaukar hoto ni na yi musu girki, shinkafa da wake da man gyaɗa da yaji, na sa aka kai bakin gona, ni ma na bi. Sun zo a mota biyu. Ogan, Maharazu, dogo ne mai ƙamshin turare, bai fi sa'an babban ɗana ba. Ya gaishe ni har da rusunawa, yana Hajiya kaza Hajiya kaza. Suka tashi wani ɗan jirgi mai ɗaukar hoto yana ƙugi a saman tumatir. Sammani ya sa rigarsa ta Juma'a don baƙi, suka ce a'a, ya mayar da ta aiki, mai tabon taɓo. Suka sa shi ya buɗe ruwa, ya toshe, ya sake buɗewa. Suka sa shi ya kalli waya ya yi murmushi, har sai da haƙoransa suka bushe. Duk wannan ina gefe ina dariyata.

Dariyar ta tsaya lokacin da aka buɗe bayan mota aka sauko da dashen mangwaro a baƙaƙen ledoji. Na dubi Sammani, na ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Na ce, "Wannan kuma na mene ne?"

Maharazu ya ce, "Hajiya, shi ne ƙarshen bidiyon. Baba zai dasa su a gefen kunyar gona, mu ɗauka daga sama. Abin da alƙalan gasar suke son gani ke nan."

Na ce, "Ba a gonar nan ba. Ta aro ce."

Ya yi murmushin nan na wanda yake ganin tsohuwa ta fara ruɗewa, ya dubi Taufiq. Taufiq ya kamo gefen mayafina ya ja ni bayan mota.

"Umma, don girman Allah kada ki kunyata ni a gaban ogana. Na sani, wallahi na sani. Da an gama ɗauka za a tuge su. Wa zai gani?"

"Kai da bakinka ka ce duk ƙasa za ta gani."

"Mutanen Legas ne, Umma. Ina ruwansu da gonar Alhaji Jaji?"

Ina shirin in ɗaga murya sai ga Sammani a bayana. Mutum ne da tun muna yara ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Ya ce, "Yaya, ki bari. Baƙi ne, kuma ɗanmu ne ya kawo su. Ba zan sa ya ji kunya ba." Ya ɗauki fartanya ya tafi. Ina tsaye ina kallo ya durƙusa ya dasa su da hannunsa, ya danna ƙasa, ya zuba ruwa da tafin hannu kamar yadda suka ce. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tuge, ya jefa a kanal, ya share wurin da ƙafa.

Abin da Taufiq bai gaya mana ba shi ne, gasar ba alƙalai kaɗai ke yanke ta ba. Akwai ƙuri'ar jama'a. Kowane kamfani sai ya yaɗa bidiyonsa ya roƙi mutane su danna masa. To wa zai danna wa Lalitar Manomi in ba mutanen Kura da Bunkure da Kadawa ba? Mako bai zagayo ba bidiyon ya shiga kowace waya. Yana zauren Wasaf na masu rabon ruwa, yana na 'yan kasuwar tumatir, yana na matan Islamiyyarmu. Mata suna shigowa gidana suna nuna mini, wai ga ƙanenki ya zama ɗan fim. A ƙarshensa ga Sammani a durƙushe, jirgi yana tashi sama yana nuna gonar tun daga kanal har iyaka, wata murya mai daɗi tana cewa wannan manomi yau yana dasa wa jikokinsa inuwa.

Jikokinsa. A gonar Alhaji Jaji.

Baballe ya zo gidana da kansa ranar Litinin da hantsi. Bai je wa Sammani ba, ya ce yana jin nauyinsa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na zauna daga bakin ƙofa. Ina so in faɗi gaskiya a kan Baballe, don mutane sun zage shi da yawa a kan maganar nan, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Mutumin nan ya zo idonsa ja.

"Iya," in ji shi, "mu goma sha wani abu ne a gadon nan. Na Kano da na Abuja sun daɗe suna cewa a karɓi gonar a ba da haya, ni nake danne su, ina cewa amanar Baba ce. Yanzu kowa ya turo mini bidiyon nan. Me zan ce musu?"

Na ce, "Alhaji, an tuge su tun a ranar. Ka je ka duba."

"Na je, na gani. Na ƙasa an tuge. Na cikin waya fa? Yau ni da Malam Sammani mun san gaskiya. Gobe ba ni ba shi, jikansa ya ɗauki wannan ya shiga kotu, ya ce ga kakana yana dasa itace a gonarsa da rana tsaka, duniya tana kallo, babu wanda ya hana. Wa zai ƙaryata shi?"

Abin da zan faɗa ke nan da ni ce a matsayinsa. Ya ce magada za su zauna gaban dagaci ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. In kafin nan kamfanin ya sauke bidiyon daga inda aka ɗora shi, ya fito ya ce gonar ta gidan Alhaji Jaji ce, shi Baballe zai iya tsayawa ya ce wasan yara ne, a yi haƙuri. In bidiyon yana nan, hannunsa a ɗaure yake.

Na aika aka kira Sammani na gaya masa. Na ce ya ɗauki waya ya kira Taufiq yanzun nan. Ya ce, "Yaya, kawu ba ya roƙon ɗan 'yar'uwarsa. In ya ga ya dace zai yi." Na ce to ka zauna da kawuncinka, ni uwarsa ce. Washegari na bar tukunya a hannun maƙwabciya na hau mota zuwa Kano.

Ofishinsu a saman bene yake, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. A bango sun kafa ƙaton talabijin, ga ƙanena a ciki yana ta dasa mangwaro, in ya gama ya sake farawa. A gefe wasu lambobi suna hawa, yaran ofis suna tafi duk lokacin da suka motsa. Maharazu ya taso da fara'a ya sa aka kawo mini lemo. Ban taɓa shi ba. Na zayyana masa komai, tun daga Alhaji Jaji har zaman Juma'a.

Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan. Daga nan ya ce, "Hajiya, matsalar ita ce dokar gasar. Da an rufe karɓar shiga ba a taɓa abin da aka aika. In muka sauke bidiyon mun janye ke nan. Kuma kin ga mu ne a gaba."

Na ce, "To ku janye."

Ya yi 'yar dariya. "Aikin shekara guda ne. Yaran nan duk da kike gani, abincinsu yana jikin wannan lambar."

"Shi ƙanena a jikin me nasa abincin yake?"

Ya ce in kwantar da hankalina, da an gama za su zo Kura da kansu, su zauna da iyalan, su ga abin da za a yi wa Baba. Wai ai magana ce ta fahimta. Na ce masa yaro, kai ka iya magana, Allah ya ƙara maka, amma ban zo wurinka ba. Na juya na dubi ɗana, yana tsaye jikin bango kamar an jingina tsintsiya. Na riga na tambayi wata yarinya a bakin ƙofa, ta ce Taufiq ne ya ɗora bidiyon, a hannunsa mabuɗin shafin yake.

Ya biyo ni har matakala. "Umma, ran Lahadi za a rufe ƙuri'a. Kwana biyu ne kawai tsakani. Ki roƙi Alhaji Baballe ya ɗaga zaman zuwa Litinin."

"In an rufe za ka sauke?"

Ya ce sai an yi bikin ba da lambar tukuna, ƙarshen wata.

Na ce, "Taufiq, lokacin da ubanka ya kwanta ciwo, wa ya riƙa kawo mana buhu? Daga wace gona aka biya maka kuɗin jarrabawa? Danna abu ɗaya za ka yi da ɗan yatsanka."

"Za su kore ni, Umma. Kuma babu kamfanin da zai sake ɗaukata."

"Kai yaro ne, kana da takarda, kana da ƙafa. Shi ya kusa sittin, fartanya kawai ya sani."

Ya fara hawaye. Wallahi hawayen nan sun fi komai ƙona mini rai. Da ya tsaya ya ce ba zan yi ba, da na san na haifi mugu, in kai ƙara wurin Allah. Amma yana kuka yana cewa zai duba, zai yi magana da oga, in ba shi zuwa gobe. Na sauko na bar shi a nan. Gobe ta zo, na sa aka duba mini, bidiyo yana nan. Jibi ma yana nan. Na kira, waya tana ta ringi ba a ɗauka. Na koma wa Baballe, ni da furfurata, na roƙe shi ya ɗaga zaman. Ya ce na Abuja sun riga sun taso.

Ranar Juma'a na shiga cikin gidan dagaci na zauna wurin matarsa, kusa da katangar zaure inda magana take ratsowa. Ba a yi hayaniya ba, da ma an yi da na ji sanyi. Wani ƙanen Baballe ya kunna bidiyon a gaban kowa, na ji muryar nan tana maganar jikoki da inuwa. Dagaci ya tambayi Sammani ko shi ne a ciki, ko tilasta shi aka yi. Ya ce shi ne, kuma babu wanda ya tilasta shi. Bai ambaci sunan Taufiq ba ko sau ɗaya. Aka yanke cewa ya cire tumatirin da ke tsaye, in ya gama ya mayar wa magada gonarsu. Sai na ji muryar ƙanena yana yi musu godiya, yana yi wa Alhaji Jaji addu'a, yana cewa shekarun da ya ci a gonar ma alheri ne da ba zai iya biya ba. Na cusa mayafi a baki don kada a ji ni.

Sun ci gasar. A waya na gani, maƙwabta suka kawo mini, Maharazu da Taufiq a kan dandamali cikin kwat, bayansu ga fuskar Sammani ta cika bango. A makon ne Sammani ya kwance injin ban ruwansa ya naɗe tiyo, ya ɗora a amalanke ya kawo gida. Ya zaga neman haya har Kadawa, amma ƙasar bakin kanal yanzu sai mai ƙarfi, kuma duk wanda yake da gonar bayarwa ya ga bidiyon. Wa zai ba mai dasa itace aro? Zuwan da Maharazu ya ce za su yi don a zauna da iyalai, har yau muna jira.

Taufiq ya zo bayan sati biyu, da la'asar, ina tsakar gida ina kwashe shanya. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa don Allah ya ce a amsa. Ya zaro wani abu daga jaka, lambar da suka ci ce, gilashi mai nauyi da rubutun zinariya, ya ajiye a gefen tabarmata. Ya ce oga ya ce a kawo a nuna wa Kawu, tun da shi ne silar samu.

Na ce, "Ka san hanyar gidansa."

Bai motsa ba. Ina cikin gaya masa abin da ya daɗe a cikina, ban kai rabi ba, sai ga sallama. Sammani ne. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Yana ganin Taufiq fuskarsa ta washe.

"A'a, ɗan Legas. Yaushe a gari?"

Taufiq ya rarrafa ya gaishe shi, ya fara, "Kawu, ni dai..." Sammani ya ɗaga masa hannu. Ya ɗauki gilashin ya juya shi gaba da baya, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ce ma sha Allah, Allah ya sa albarka, ya ƙara ɗaukaka. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na san ƙanena. Ni kuwa a lokacin ji nake kamar in karɓe abin in rotsa shi a kan dutsen niƙa. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe nan kusa, ko da ni na haifa.

Sammani ya ajiye gilashin a hankali inda ya ɗauke shi, ya goge hannunsa a riga. Ya dubi shinkafar da ke baje a tamfol, ya dubi buhunan da ke jingine. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya, don kada yaron ya ji, amma tsakar gidan ba ta da faɗi.

"Yaya, na ji an ce mai yi miki shanya da ɗaukar buhu ya tafi. Kin sami wani?"

Na ce ban samu ba.

Ya ce, "To gobe zan zo da sassafe, kafin rana ta buɗe."